Mu Da Muka Iya Shari'ar Gona, Mu Koya Wa Yara Shari'ar Tarihi

Mu mutanen Tunuga, in dai gardama ce, ba a barin mu a baya, wanda ya zauna da mu ya sani. Allah ya ajiye mu a ƙuryar kudancin Nijar, inda ƙasa ta ƙare ta jingina da gulbi. Ka tsallaka ruwa kana Benin, ka ɗan miƙa gabas kana Najeriya. Kamba ga ta nan kusa, Gaya da gadar Malanbil suna sama da mu. Aljihunmu sefa da naira ne a cakuɗe, kunnenmu kuwa labarin ƙasa uku yake sha tun kafin a karya kumallo. A rumfa guda sai ka ji Hausa, ka ji Dandanci, ka ji Zabarmanci da Fulatanci, kowa yana kare abin da ya jiyo. Wanda ya tashi a irin wannan mahaɗa, dole bakinsa ya buɗe da wuri.

Akwai kuma wurin da gardamarmu take zama ilimi tsantsa, wato ƙofar maigari ranar shari'ar gona. Ruwa ya yi ambaliya ya shafe iyakar fadamar shinkafa, ko wani ya rasu magada suka taso wa wanda yake noman wurin. Sai ka ga an shimfiɗa tabarmi, an kira dattawa. Mai ƙara ya faɗi tasa, wanda ake ƙara ya faɗi tasa, ba mai katse wani. Daga nan a shiga kiran shaidu. Tsoho zai miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, iyaka tana ga gindin giginyar nan, haka munka taras." Maigari ba zai ce to shi ke nan ba. Zai tambaye shi, "Baba, kai ka gani da idonka ko hwaɗa maka anka yi? Shekarar da anka kafa iyakar kana da wayo?" In tsohon ya ce shekarar da soja suka karɓi mulki daga hannun Shugaba Jori Hamani ne, nan da nan wani zai lissafa ya ce 1974 ke nan, kuma a lokacin mai shaidar yana ci-rani a Ikko. Wani daga baya zai ɗaga murya ya tuna wa jama'a cewa ƴar mai shaidar tana aure a gidan mai ƙara. Ba a ce ƙarya yake yi ba, an dai san nauyin da za a ba maganarsa. In an fito da takarda, sai a duba hatimi, a duba wa ya sa hannu, a duba kwanan wata, a tambaya aro ne aka rubuta ko jingina ko saye. A ƙarshe kowa ya tashi a tafi gonar, a nemo tsohon tushen gamba da kututturen itacen da ake magana, don gani ya kori ji.

To wannan fa shi ne aikin masanin tarihi, ba ƙari ba ragi. Wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? Yana wurin? Me yake nema da maganar? Wa kuma ya faɗi akasinta? Wa ba a tambaya ba? Malaman Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai shekaru suke yi suna koya wa ɗalibai waɗannan tambayoyi, mu kuwa a kan tabarma muka gaje su.

Abin da ke damuna shi ne, da zarar magana ta bar gona ta koma kan ƙasa, sai mu ajiye wannan basira a gida mu fito hannu biyu. Ku leƙa fadar samari da dare, buta na kan gawayi ana jiran shayi na biyu. Wani zai ɗaga waya ya kunna saƙon murya, wata murya da ba wanda ya san mai ita tana rantsuwa cewa an ga kaza a iyaka, an ƙulla kaza a Kwatano. Kafin a zuba na uku labarin ya zama gaskiya, gobe da safe yana bakin masu kwale-kwale. In ka ce, "Wa ya faɗa?" sai a ce maka, "Ai ga shi nan a WhatsApp." Saurayin da zai tsare tsohon da ya haifi ubansa da tambaya a kan taƙi biyu na fadama, shi ne zai haɗiye labarin yaƙi tsakanin ƙasashe ba tare da ya tauna ba.

Mun ga haka ƙuru-ƙuru tun daga 26 ga Yulin 2023, ranar da soja suka kifar da gwamnatin Muhammadu Bazum. Ranar 30 ga watan ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, gadar Gaya da Malanbil ta toshe, manyan motoci suka yi jerin gwano. Ko bayan da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, gadar ba ta buɗe ba, sai gulbi ya koma babbar hanya. Mu nan ba a rediyo muka ji abin ba, a farashin buhu muka ji shi, da wahalar kai marar lafiya, da zumuncin da ya koma sai an lallaɓa. A rumfa aka rabu, wasu na nan, wasu na can, kowa da hujjarsa. Yaranmu suna zaune a gefe suna jin duka. Da safe su ɗauki kaye, wato littafin rubutu, su tafi lakwal, su haddace 18 ga Disamban 1958, da 3 ga Agustan 1960, da 15 ga Afrilun 1974, su zuba wa mushe, wato malaminsu, ranar jarrabawa, su dawo gida. Kwanakin suna kansu daram, amma ba wanda ya nuna musu yadda za su auna maganar da suka kwana suna ji.

Alhali kayan koyarwar suna bakin ƙofarmu. Tsofaffinmu sun san ba yau aka fara rufe wannan iyaka ba. A ƙarshen 1963, lokacin Benin tana amsa sunan Dahome, dangantaka ta yi tsami har Nijar ta sallami ƴan Dahome da ke aiki a ofisoshinta, hanya ta toshe, kayan ƙasarmu suka maƙale a tashar jirgin ruwan Kwatano. Cikin abubuwan da suka hura wutar akwai tsibirin Lete, wanda ke cikin gulbi sama da Gaya, inda Fulani ke kiwo, inda kuma aka yi faɗa har aka rasa rayuka a watan Yunin 1960. Rigimar ta yi ta kwanciya tana tashi har ƙasashen biyu suka yarda a 2001 su kai ta Kotun Duniya da ke birnin Heg.

Wani mushe da ya koyar a yankinmu ya ɗauki wannan shari'a ya mai da ita darasi, kuma har yau waɗanda suka zauna ajinsa suna ba da labarin. Bai fara da gaya musu wa ya ci ba. Ya raba allo gida biyu. A dama ya rubuta abin da ke cikin wata wasiƙa ta 3 ga Yulin 1914, wadda Sadoux, Bafaranshen da ke riƙe da Gaya, ya aika wa takwaransa na ɓangaren Dahome: a bi inda ruwa ya fi zurfi, hanyar da jirage ke bi, tsibirin da ya faɗo hagu na Gaya ne, wanda ya faɗo dama na Dahome. A hagu ya rubuta abin da ke cikin wata ta 27 ga Agustan 1954, wadda Raynier, muƙaddashin gwamnan Nijar, ya sa wa hannu: iyaka tana gaɓar hagu, inda ruwa ke kaiwa in ya cika, daga Bandofay har iyakar Najeriya, don haka duk tsibiran wannan yanki na Dahome ne. Ya juyo ya ce da yaran, "Gaɓar da ake magana ita ce wadda iyayenku ke noma. Takardu biyu, duka na Turawan mulki, sun saɓa wa juna. Wacce za ku ɗauka?"

Ya kasa ajin uku, masu kare Nijar, masu kare Benin, da alƙalai. Waɗanda aka ba Benin suka ɓata rai, wani ya ce shi ba zai yi wa ƙasarsa gardama ba. Mushe ya ce masa wanda bai san hujjar abokin shari'arsa ba, bai gama sanin tasa ba. Aka fara. Masu Benin suka ce tasu ce ta baya-bayan nan, kuma gwamna ya fi mai riƙe da Gaya girma. Masu Nijar suka ce tasu ta riga, kuma mai rubuta ta a bakin gulbin yake zaune. Can sai wata yarinya daga cikin alƙalai ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, tsakanin 1914 da 1954 shekara arba'in ke nan. Cikin shekarun nan wa ke zuwa karɓar haraji a tsibirin?" Mushe ya ajiye alli ya ce da ita abin da alƙalan Heg suka bi diddigi ke nan. Sun duba yadda aka tafiyar da mulki a zahiri, suka ga daga Gaya ake kula da Lete, kuma tsarin 1914 shi aka yi ta aiki da shi.

Sai a nan ya karanta musu hukuncin 12 ga Yulin 2005. Iyaka ta bi mafi zurfin hanyar ruwa. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9. A ɓangaren kogin Mekru kuwa kotu ta karkata ga hujjar Benin, ta ce iyaka tsakiyar kogin take. Kowa ya samu, kowa ya rasa, ƙasashen biyu kuma suka karɓa. Kafin a tashi wani yaro ɗan Sarkawa ya ce shi abin da ya lura, wasiƙun nan Bature ne ya rubuta wa Bature, ba a ji bakin masu kiwo a tsibirin ko masu su a ruwan ba. Yaron da ya iya gano wanda aka bari a waje cikin takarda, saƙon murya ba zai yi wasa da hankalinsa cikin sauƙi ba.

Ba kowa ne ya yarda da wannan hanya ba, kuma masu ja suna da abin faɗa. Kawuna, wanda ya ga mulkin Jori da idonsa, cewa yake yi, "Ɗana, Lete magana ce ta ruwa da takarda, an gama ta. Amma in kunka ce za ku buɗe wa ɗiya zancen giwa da raƙumi, ku tuna garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Waɗanda sunka yi abin sun tafi, jikokinsu na aure da juna. Mi za a samu?"

Giwa ita ce alamar jam'iyyar RDA ta Jori Hamani, raƙumi kuwa na Sawaba ta Jibo Bakari, kuma mutanen biyu ƴan uwa ne na jini. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, Janar De Gol ya tambayi ƙasashen da Faransa ke mulka ko za su zauna cikin tarayya da ita. Jibo, wanda shi ke jagorantar gwamnatin cikin gida a lokacin, ya ce a ce a'a a karɓi ƴanci nan take, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gini. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, ana saura makonni kaɗan. Sakamako ya fito da kusan kashi 78 cikin 100 na masu cewa i. Jibo ya sauka, Jori ya hau, a 1959 aka haramta Sawaba. A 1964 ƴan Sawaba da suka sami horo a waje suka kutso da makamai ta iyakoki, har da ta ɓangaren Dahome, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, aka cika gidajen kaso. A Afrilun 1965 aka jefa wa Jori gurneti a filin idi ranar Babbar Salla, Allah ya tsirar da shi. Bayan nan sai shiru ya sauka. Gidaje da yawa a ƙasar nan suna da wanda aka kama, ko wanda ya nuna a kama, kuma ba a zancen a gaban yara.

Na fahimci tsoron Kawu, don ba a littafi ya karanta abin ba. Sai dai shirun bai hana yaran ji ba. Suna ji, a guntu-guntu, daga bakin wanda ya fi kowa zafi a gidan. Wanda kakansa ɗan giwa ne ya tashi da cewa ƴan Sawaba maciya amana ne, wanda kakansa ɗan raƙumi ne ya tashi da cewa ƴan RDA ƴan koren Faransa ne, kowa ya riƙe rabinsa ya ɗauka shi ne duka. A aji ne kaɗai za a iya zaunar da su biyun a benci ɗaya a ce musu, ga lissafin 1958, ku duba da kyau. Kashi 78 sun ce i, amma waɗanda suka fita jefa ƙuri'ar ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba. Sauran fa? Tsoro ne ya hana su, ko nisa, ko aikin gona tun da kaka ta gabato, ko ba su ga abin ya shafe su ba? Sarakuna da yawa sun goyi bayan i, me suke gudu in Sawaba ta yi nasara? Ƴan ƙwadago da ƙananan ƴan kasuwa da direbobi da yawa sun bi raƙumi, me suke fata? Yaron da ya yini yana juya waɗannan tambayoyi zai koma gida ya ga kakan abokinsa mutum ne da ya yi zaɓi cikin mawuyacin hali, kamar nasa kakan. Ni a ganina nan ne gaba take mutuwa.

Kuma mu ƴan wannan yanki mun riga mun san tsohuwar gaba tana iya zama labari. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo na 1804, ƙasashen nan na yamma sun shiga ƙarƙashin Gwandu. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi, mutanen Dandi da Zabarma da Arewa suka mara masa baya, aka shafe shekaru ana gwabzawa. Bajamushen nan matafiyi, Barth, ya ratsa kwarin Foga a 1853 ya tarar ana dafa gishiri cikin zaman ɗar-ɗar. An sami sararawa a zamanin sulhun da ake kira Lafiyar Toga cikin shekarun 1860, daga baya wuta ta sake kamawa har zuwan Turawa. In ka saurari labarin daga bakin Gwandu, tawaye ne aka yi wa halattacciyar daula. In ka saurare shi daga Argungu, wato ɓangaren Kabi, ƙasarsu ce aka ƙwato. Amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi, bikin da ya ɗore har duniya ta san shi. Yau jikokin ɓangarorin biyu sahu ɗaya suke salla a masallatanmu. Me zai hana a ba yara labarin da bakin kowane ɓangare, su gwada, su ga inda suka haɗu da inda suka rabu?

Haka zancen iyakar kanta. Ingila da Faransa sun yi ta ja da gyara a takarda, a 1890, da 1898, da 1904, da 1906, sannan Tilho da O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Ga Dole nan a gabanmu, ɓangare a Nijar ɓangare a Najeriya, dangi ɗaya, tuta biyu. Labarai ma haka aka raba su. Alfa Saibu, makahon malamin da ya tayar wa Faransawa a Kobkitanda cikin ƙasar Doso a ƙarshen 1905, da aka fatattaki mutanensa sai ya tsallaka ya isa Satiru kusa da Sakkwato, inda aka yi wa Ingilishi mummunar ɓarna a Fabrairun 1906, kafin su dawo su shafe garin a watan Maris. A can Ɗan Makaho suke kiransa. Rabin labarinsa yana takardun Faransa, rabi yana na Ingila, kuma duka waɗanda suka yaƙe shi ne suka rubuta. Ɗalibi a Dolen Nijar da ɗan kawunsa a Dolen Najeriya, in aka haɗa su aiki ɗaya, su ne za su ɗinke shi.

Wata maƙwabciyata, da ta ji muna wannan hira, ta leƙo ta katanga ta ce, "Duk sunayen da kunka lissafa na maza ne. Shekarar yunwa wa ya riƙe gida? Wa ka dafa gishirin da anka yi yaƙi kansa?" Gaskiyarta. Fari na 1973 zuwa 1974, wanda ya taimaka wajen faɗuwar Jori, da na 1984 a zamanin Saini Kunce, in kana son sanin yadda suka kasance, tambayi inna da kaka, su suka san abin da aka ci da abin da aka sayar. A siyasa ma ba a bar su a baya ba. Ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka yi tattaki a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, suka tilasta aka ƙara musu kujeru, ranar ta zama ranar matan Nijar. Taron kansa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, malamin tarihi ne ya shugabance shi, Andre Salifu, kuma a cikinsa aka baje maganganun da aka daɗe ana rufewa, har da kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990. Ƙasa ta taɓa zama ta yi wa kanta tambayoyi a fili, ba ta rushe ba.

Rigimar da ta fi kusa da mu ita ce ta manomi da makiyayi, wadda kan motsa duk kaka in dabbobi suka gangaro kafin a kwashe amfani. Ita ma tana da tarihi. A Oktoban 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, an kashe fiye da mutum 100, akasarinsu mata da yaran Fulani. A 1993 ƙasa ta kafa dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye. Ɗan manomi da ɗan makiyayi suna aji ɗaya a nan. A aike su tare wurin tsofaffin ɓangarorin biyu su tambayo ina burtali yake a da, yaushe ya matse, me ya matse shi, yawan jama'a ne ko fari ko sabbin gonakin rani. Su zana taswira da hannunsu su kawo. Ba za su dawo da amsa ɗaya ba, kuma ba laifi. Za su dawo sun san cewa abin yana da dalilai, ba mugun halin wata ƙabila ba ne.

Na san nauyin yana kan mushe, kuma ba ƙaramin nauyi ba ne. Aji cike yake, littattafai ba su isa ba, ga manhaja da dole a gama kafin jarrabawar BEPC, ga tsoron kada a ce ya shigo da siyasa makaranta. Don haka abin yana son tsari. A fara da rigimar da ta huce, irin ta Lete da ta Kabi da Gwandu, kafin a matso kusa. Malam ya riƙe ra'ayinsa a aljihu, aikinsa ya kawo shaidu daga kowane ɓangare. A yi doka a aji cewa ba a zagin kakan kowa, ba a kuma ce "an ce" sai an faɗi wa ya ce. Yaro ya sami maki don ingancin hujjarsa, ko da ƙarshen maganarsa ya saɓa wa na malam. A kuma bar su su yi muhawarar da harshen da suke tunani da shi. Kundin da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, mu nan kuwa muna da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci a kan haka. Yaron da ya warware magana da harshen gida, rubuta ta da Faransanci ba zai gagare shi ba.

Sauran aikin namu ne, mu iyaye. In yaro ya zo da kaye da waya ya ce mushe ya aiko shi ya yi wa Baba tambaya, kada a kore shi da cewa wannan ba zancen yara ba ne. A ba shi wuri, a gaya masa abin da aka gani, a bambance masa da abin da aka ji, a kuma tura shi gidan wanda ake da saɓanin ra'ayi da shi ya jiyo nasa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Bubu Hama ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara labaran baka da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, cibiyar IRSH tana ajiye da su a Yamai, cibiyar CELHTO kuma tun 1968 aikinta ke nan. Masana tarihi irin su Jibo Hamani da Bube Gado da Kimba Idrisa duk sun zauna gaban tsofaffi kafin su rubuta littattafansu. Waɗanda suka ga 1958 da wayonsu sun haura saba'in yanzu, kowace shekara muna raka wasu makwanci.

Abin da muke ciki yau ma gobe tarihi ne. Nan da shekara talatin wani zai rubuta labarin rufe gadar Gaya, kuma in ba mu yi hankali ba, daga sanarwar gwamnatoci da rahotannin waje zai rubuta shi. Yaranmu su fara rubutawa tun yanzu: nawa buhun masara yake kafin Yulin 2023, nawa ya koma, nawa ake biyan kwale-kwale, wa ya samu, wa ya karye, me mai goyon bayan soja ya ce, me wanda bai goyi baya ba ya ce, da kwanan wata da sunan unguwa. Makarantar kowane gari ta ajiye kundi guda na irin wannan. Shugabannin ƙungiyar iyayen yara su kai maganar taronsu na gaba, maigari ya ba da izini ɗalibai su riƙa zama a gefe ranar shari'ar gona suna rubuta tambayoyin da ake yi wa shaidu. Ƙasar nan ta ga juyin mulki a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, da 2023, kuma kowanne ya zo da masu ba da labarinsa. Yaran da ke aji yau su ne za su yanke hukunci a kan abin da zai biyo baya, da ƙuri'arsu da bakinsu, wani lokaci da ransu. Hakkinsu ne a kanmu mu koya musu tambayar shaida kafin ranar ta zo.